Firijin Rigakafi a Bakin Iyakar Jibiya: Tsakanin Rana, Batir da Kwantirola

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Maraɗi, ba makawa sai ya ratsa ƙasar Jibiya. A Magama jami'an kwastan da na shige-da-fice suke, in aka ƙetare kuma sai Ɗan Isa a cikin Jamhuriyar Nijar. Fatake da masu ziyarar dangi da mata masu goyo, kowa sai ya tsaya an duba kayansa. Ƙwayoyin cuta kuwa babu shingen da ke tsayar da su. Ƙyanda da sanƙarau da shan-inna ba su san Nijeriya ba, ba su san Nijar ba, jikin yaro kawai suka sani. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, ta kashe sama da 11,000. Wannan ne ya sa allurar rigakafi a gari irin Jibiya take kare yaran ƙasa biyu a lokaci guda.

Sai dai allurar rigakafi ba ta aiki sai ta iso da ƙarfinta, ƙarfin nata kuwa ya dogara ne ga wani ɗan akwati fari da ke kusurwar ɗaki a asibiti, wato firij. A wuraren da wutar gwamnati ba ta kai ba, ko take zuwa jefi-jefi, firij ɗin da hasken rana yake aiki. Wannan maƙala za ta duba yadda wannan haɗi yake, da kuma wata dabara da masu gyara kan yi idan rana ta gaza, wadda sau da yawa takan jawo asarar abin da aka so a ceta.

Me ya sa sai da sanyi?

Maganin rigakafi ba kamar ƙwayar ciwon kai ba ne. Wani ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kamar na ƙyanda da ɗigon shan-inna. Wani kuwa ɗan ɓangare ne na ƙwayar cutar, ko gubarta da aka kashe wa kaifi. Jikin ɗan Adam yana gane waɗannan abubuwa ne ta siffarsu, sa'an nan ya ƙera makaman da za su dace da wannan siffa. Zafi yana ɓata siffar furotin, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a kan wuta, kuma ƙwan da ya dahu ba ya komawa ɗanye. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa a asibitoci a ajiye magungunan rigakafi tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin Selshiyos. A Jibiya kuwa, a watan Afrilu zafin inuwa yakan haura digiri 40.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sanyi ma yana ɓarna. Allurar ciwon hanta da ta sarƙe-haƙora da allurar nan mai kare cututtuka biyar suna ɗauke da wani gishirin alminiyam mai ƙara musu ƙarfi. In suka daskare, sai gishirin ya dunƙule, maganin ya lalace. Mummunan abin shi ne, kwalbar da ta lalace da mai kyau kusan kamarsu ɗaya a ido. Za a yi wa yaro allura, ya yi kuka, a rubuta a katinsa, uwa ta koma gida hankali kwance, alhali kuwa babu kariyar da ya samu. Tun daga 1996 aka fara liƙa wa kwalaben ɗigon shan-inna wata 'yar alama mai murabba'i a cikin da'ira, wadda takan yi duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha. Alamar tana tona asirin zafi, amma ba ta cewa komai game da daskarewa.

Abubuwa uku a kan waya ɗaya

Tsohon tsarin firijin sola, wanda aka fara bazawa a Afirka a shekarun 1980, yana da sassa uku ban da firij ɗin kansa. Akwai faifan sola a kan rufi, akwai batir, akwai kuma wata 'yar na'ura a tsakaninsu da ake kira kwantirola, wato mai daidaita caji.

Faifan yana juya haske ya zama lantarki. Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, shi ya fara lura da wannan al'amari a 1839, amma sai a 1954 aka ƙera ƙwayar silikon mai amfani a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, ita ma kashi 6 cikin 100 kawai na hasken take juyawa. Faifayen kasuwa na yau suna kai kashi 20. Ganyen gero a gona, in aka auna tsawon damina, abin da yake adanawa na hasken da ya sauka a kansa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Sai dai shi ganye yana gyara kansa, yana kuma haifar wani. Binciken makamashin rana ba baƙo ba ne a wannan yanki. Nijar ta kafa ofishin makamashin rana a Yamai tun 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana jagorantarsa. A Nijeriya akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Lantarkin da faifai ke bayarwa mai miƙewa ne, yana tafiya ɓari guda, shi ne masu gyara ke kira DC. Na janareta da na layin gwamnati kuwa mai kai-komo ne, wato AC, yana juyawa sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Batir ba ya cin komai sai DC.

Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, yana da ɗakuna shida, kowane yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. In ya cika ya huta yakan nuna kimanin bolt 12.7, in ya kai rabi kuma wajen 12.1. Don a cika shi sai an tura masa wuta har bolt ɗinsa ya hau zuwa kimanin 14.4, a riƙe shi nan na ɗan lokaci, sa'an nan a sauko da shi wajen 13.6. In aka zarce, ruwan batir zai fara rabewa zuwa iskar haidurojin da ta oksijin, ya ƙafe, haidurojin kuwa da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa ta kama. In kuma aka bar shi ya zube ƙasa ƙwarai ya daɗe a haka, sai wani farin gishiri ya daskare a jikin dalmar, batir ya daina riƙe caji.

Aikin kwantirola shi ne tsare batir daga waɗannan haɗurra biyu. Ɗalibin ilmin halittu zai gane ta nan take, domin irin aikin da jiki ke yi ne wajen riƙe zafinsa a digiri 37: a auna, a kwatanta da abin da ake so, a gyara. In zafi ya hau, gumi. In ya sauka, makyarkyata. Haka kwantirola ke auna bolt ɗin batir ba fasawa, ta rage caji in ya cika, ta yanke wa firij wuta in batir ya kusa ƙarewa. Masu kyau daga cikinsu har zafin ɗaki suke aunawa, domin batir mai ɗumi yana bukatar bolt ƙasa da na mai sanyi. Zafi maƙiyin batir ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon ransa biyu. Wannan ƙa'ida ce da ɗalibai suka sani daga darasin inzayim, inda ƙarin digiri 10 kan ninka saurin aikin sinadarai. Tsatsar da ke cin dalma ita ma aikin sinadarai ce.

Sa'ad da hazo ya rufe rana

A ƙaddara wani ƙaramin asibiti a ɗaya daga ƙauyukan Jibiya, a tsakiyar hunturu. Batirinsa mai amfiya-awa 100 ne a bolt 12, wato yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma rabi kawai ya kamata a taɓa, wato 600. In firij yana cin matsakaicin wat 25, to a sa'a 24 ya cinye wannan rabi ƙaf. Sai ga hazo ya sauko kwana uku a jere, ƙura ta lulluɓe faifan, batirin kuma dama ya tsufa. Da la'asar fitilar kwantirola ta koma ja. A cikin firij akwai alluran yaran gunduma guda, gobe kuma ranar rigakafi ce.

Ma'aikacin lafiya ya kira mai gyara. Akwai ɗan janareta a maƙwabta, akwai kuma adaftar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka rubuta mata bolt 19 da amfiya 3.42. Mai gyara ya yi lissafinsa: faifan sola yana ba da DC mai bolt 18, adafta tana ba da DC mai bolt 19, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai ya cire wayoyin faifai daga kwantirola, ya sa na adafta a madadinsu.

Tunanin ba na wauta ba ne, kuma a wasu lokuta ma yakan yi aiki. Amma akwai wani bambanci da ba a rubuta a jikin na'urorin ba.

Idon ruwa da madatsa

A kwatanta bolt da tudun da ruwa ke gangarowa daga kansa, amfiya kuma da yawan ruwan da ke wucewa. Faifan sola kamar idon ruwa yake. Komai faɗin bututun da aka sa masa, abin da ke ɓuɓɓugowa kawai zai bayar, domin yawan hasken da ke sauka a kansa ne ya ƙayyade amfiyarsa. Faifai mai wat 100 yana ba da kimanin amfiya 5 da rabi a bolt 18. In aka haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye, baki da baki, amfiyar ba za ta wuce kimanin 6 ba, bolt ɗin ya faɗi sifiri, faifan kuma ko a jikinsa.

Adafta kuwa kamar Dam ɗin Jibiya take, wanda aka datse kogin Gada da shi. An gina ta ne don ta riƙe tudunta, wato bolt 19, ko nawa aka ɗiba. In aka buɗe mata ƙofa mai faɗi, za ta yi ƙoƙarin cika ƙofar, ko da hakan zai kashe ta.

To, kwantirola mai araha, irin wadda ta fi yawa a kasuwannin Katsina da Maraɗi, wadda ake rubuta wa PWM, ba komai ba ce illa makunni mai saurin gaske. Tana haɗa faifai da batir kai tsaye, ta raba, ta haɗa, sau da yawa a daƙiƙa. In batir ya yi ƙasa ƙwarai, sai ta bar ƙofar a buɗe gaba ɗaya. Ba ta rage amfiya da kanta. Ta dogara ne ga cewa abin da ke bayanta idon ruwa ne. Da faifai, batir yakan jawo bolt ɗin faifan ƙasa zuwa nasa, komai ya tafi lafiya. Da adafta fa? Batir yana bolt 12, adafta ta dage a 19, bambanci 7. In turjiyar wayoyi da ta cikin batir duka ta kai om 0.1, dokar Om ta ce a raba 7 da 0.1, a sami amfiya 70. Na'urar da aka ƙera don amfiya 3.42 ke nan ake nema ta ba da ninki 20. Adafta mai inganci za ta kashe kanta, ta kunna, ta sake kashewa, ta yi ta ƙyaftawa ba tare da batir ya sami abin kirki ba. Marar inganci za ta yi zafi ta ƙone. In kuwa aka kawo babban akwatin DC mai ƙarfi, shi ba zai gaza ba, sai makunnin da ke cikin kwantirola ya narke. Makunnin da ya narke yakan manne a buɗe, ma'ana gobe in rana ta fito babu mai tsayar da caji, batir zai yi ta tafasa.

Akwai kuma wani tsohon nau'i na kwantirola wanda in batir ya cika, sai ya haɗa wayoyin faifan baki da baki don ya kawar da wutar. Ga faifai wannan ba komai ba ne, kamar yadda aka gani. Ga adafta kuwa gajeren zango ne zuwa hayaƙi. Daga waje ba a iya bambanta wannan nau'i da sauran, sai an karanta littafinsa.

Nau'i na uku, mai tsada, shi ne wanda ake rubuta wa MPPT. Wannan yana da wayo. Yana karɓar wuta mai bolt da yawa ya mayar da ita mai bolt kaɗan da amfiya da yawa, kuma yana ta laluben wurin da faifai ya fi ba da ƙarfi: ya ƙara ja kaɗan, in ƙarfi ya ƙaru ya sake ja, in ya ragu ya sassauta. Da faifai, laluben yana da iyaka. Da adafta kuwa duk jan da ya yi sai ya ga ƙari, don haka zai yi ta ja har ɗayan biyu ya faru: ko ya kai iyakar amfiyar da aka ƙera shi da ita, ko adaftar ta durƙushe. In akwatin DC ya fi kwantirolar ƙarfi, ko yana da nasa mai ƙayyade amfiya, haɗin yakan yi aiki. In ya gaza ta, sai a koma ga ƙyaftawa.

Ko da an yi sa'a komai ya tafi daidai, lissafin bai goyi bayan adaftar ba. Wat 65 ne iyakarta. A bolt 14 wannan bai wuce amfiya 4.6 ba, kuma don a mayar da amfiya-awa 50 da batir ya rasa, sai janareta ya yi kimanin sa'a 11 yana ruri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga asibitin ƙauye.

To mene ne abin yi?

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar kwantirola da faifanta. A nemo cajar batir ta ainihi, irin wadda aka ƙera don ta karɓi AC daga janareta, a haɗa ta da kan batir kai tsaye. Irin wannan caja tana ƙayyade amfiyarta, tana kuma bin matakan nan na bolt 14.4 da 13.6. Ga batir mai amfiya-awa 100, caja mai amfiya 10 ta dace, wato kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Babu laifi caja da kwantirola su kasance a kan batir ɗaya. Kowace tana auna bolt ɗinsa, ta sassauta in ya cika.

In kuwa dole ta sa sai an bi ta kwantirola, to sai an tabbatar da wasu abubuwa. Littafin na'urar ya halatta hakan. Akwatin DC ɗin ya kasance mai ƙayyade amfiya, a kuma saita ta ƙasa da abin da kwantirola ke ɗauka. Bolt ɗinsa ya ɗara na batir da 'yan bolt, amma kada ya kai iyakar da aka rubuta wa kwantirola. A cire faifai tukuna, kada a haɗa shi da akwatin a waya ɗaya, domin ɗaya zai iya tura wa ɗaya wuta ta baya. A fara haɗa batir da kwantirola kafin komai, domin daga batir take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24. A sa fis kusa da kan batir. A duba jar waya da baƙa sau biyu.

Kafin duk wannan ma, ma'aikacin da ya ga ja a kwantirola yana da abin da ya fi gaggawa. Ya daina buɗe firij, ya duba ma'aunin zafi ya rubuta, ya shirya akwatin sanyi da ƙanƙarar da aka bari ta fara narkewa don kada ta daskarar da allurai, ya kuma sanar da ma'ajiyar ƙaramar hukuma. Sau da yawa ma maganin matsalar tsumma ne da ruwa: faifan da aka wanke da sassafe a lokacin hunturu yana iya bambanta ƙwarai da wanda aka bari da ƙurar mako guda.

Firij marar batir

Gogewar shekaru ta nuna cewa a tsohon tsari batir ne ke fara mutuwa, kuma kuɗin sauya shi ba ya samuwa a kan kari. Ga kuma masu zare waya daga batirin firij don cajin wayar hannu ko kunna fanka, abin da ake iya fahimta a daren bazara, amma yana rage wa allurai rabonsu. Saboda haka masana suka sake tunani: me zai hana a adana sanyin kansa maimakon lantarki? A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da firij na farko da ke karɓar wuta daga faifai kai tsaye. Da rana injinsa yana daskarar da ruwan da ke cikin wani sashe na jikinsa, da dare kuma ƙanƙarar ta riƙe sanyi. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri 80, ƙanƙara kuma ba ta tsufa kamar dalma. Irin wannan firij ba shi da batir, ba shi da kwantirolar caji, kuma bai kamata a jona masa wata wuta ba sai wadda maƙerinsa ya ambata.

Ta ɗaya ɓangaren kuma an yi aiki a kan alluran kansu. Allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac, wadda aka fara bazawa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, an amince a 2012 cewa tana iya jure zafin digiri 40 har kwana huɗu a lokacin gangami. Amma yawancin allurai har yanzu sai da sanyi.

Darajar firijin da bai dogara da layi ba ta fito fili a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, Nijeriya ta rufe iyaka, har da ta Jibiya, ta kuma yanke wutar da take ba maƙwabciyar tata, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na lantarkin Nijar. Asusun UNICEF ya yi gargaɗi a watan Agusta cewa ƙarancin wuta na barazana ga alluran da ke ajiye. Sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta ɗage takunkumin. A tsawon waɗannan watanni rana ba ta fasa fitowa a Ɗan Isa ko a Magama ba. Nasarar da aka samu a ranar 25 ga Agusta 2020, da aka bayyana yankin Afirka ya rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, ɗigo-ɗigo aka tara ta, kuma kowane ɗigo sai da ya kwana a firij.

Gwaji don ɗakin kimiyya

Malamin da ke da ƙaramin faifai mai wat 10 ko 20 da mitar auna wuta zai iya nuna wa ɗalibai zancen idon ruwa da idonsu. A fitar da faifan rana da hantsi, a saita mita a kan bolt, a auna: za a ga wajen 20 zuwa 22. A mayar da mita kan amfiya 10, a haɗa wayoyin faifan da ita kai tsaye: faifai mai wat 20 zai nuna amfiya 1 da ɗan kai, ya tsaya nan. Wannan awo na biyu da faifai kaɗai ake yinsa. Kada a kuskura a gwada shi da batir ko adafta, domin mitar za ta ƙone, mai riƙe da ita ma yana iya ƙonewa.

Daga nan sai a barbaɗa wa faifan busasshiyar ƙasa mai laushi, a sake awon biyu. Bolt zai ragu kaɗan ne kawai, amfiya kuwa za ta faɗi ƙwarai. A share rabin ƙurar a rubuta, a wanke duka a sake rubutawa, ɗalibai su zana jadawalin abin da suka gani, su kuma lissafa sa'a nawa kowane hali zai ɗauka kafin ya mayar wa batir amfiya-awa 10.